Harsashin Baba da Harsashin Baffa

Shekaranjiya a Xintang, nan gefen Guangzhou, wani ɗan China ya buɗe sabon shago, aka kunna masa abin fashe-fashen nan nasu na murna. Jama'a suka toshe hanci. Ni kuwa na tsaya ina shaƙa, don warin albarushi ne sak, kuma rabona da shi tun ina yawo ba wando.

Mahaifina da ƙanensa maharba ne, kowa da bindigarsa ta Bature. Harsashi ba ya samuwa a ƙauye, don haka kwanson da aka harba ba a yar da shi. Da rani, in an yi la'asar, sai su shimfiɗa tabarma ɗaya a gindin tsamiya, su narka darma, su sake ɗura kwanson, suna hira. A nan ake yanke komai na gidanmu, har gonar da za a bari ta huta. Baffa gwanin tsokana ne. Baba kuwa a nan kaɗai nake ganin haƙoransa.

Sai dai harsasan kamar 'yan biyu suke. Na Baffa ya ɗan fi kauri, da abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ni da na taɓa boko, na bari da wuri don kada in kunyata malamin, ban taɓa iya bambance su ba.

Wata rana a dawa bindigar Baba ta fashe a hannunsa, ta tafi da yatsu biyu. Harsashin Baffa ne ya shiga jakarsa, kuma ba wanda ya san hannun da ya jefa shi. Da ya warke ya sami wata bindigar, sai kakarmu, uwarsu, ta sa baduku ya ɗinka jaka ja da jaka baƙa, ta tara su ta yanke hukunci.

"Kowa da tabarmarsa, kowa da ranarsa," in ji ta. "Ba zan binne ɗa saboda hira ba."

Dabarar ta yi aiki, kada ka ce na rage wa tsohuwa lada. Harsashi bai sake ɓatan hanya ba. Amma in ranar Baba ce, sai Baffa ya tsaya daga nesa, hannuwa a baya don kada ya taɓa komai, ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Baba ya amsa kansa a ƙasa. Gaisuwar ta yi ta gajarcewa. Ba faɗa suka yi ba, shi ya sa ba wanda ya tashi yin sulhu. Har idon Baba ya mutu, aka rataye bindigogin, har Baffa ya rasu, ba su koma tabarma ɗaya ba.

Yanzu ga ni a Guangzhou, 'ya'yana biyu sun kawo ni a duba mini gwiwa. Dukansu wanduna suke aikawa Kano. Bara kwalayensu suka cakuɗe a kwantena, aka sha wuya kafin a rabe. Tun daga nan kowa da lawban ɗinsa, wato mai masana'antar da ke ɗinka masa, da sitonsa, da kalar salatif ɗinsa. Masu ilimi ne, kaya ba ya ɓacewa.

Jiya na ce wa ƙaramin mu hau sama mu ci tuwo kwano ɗaya da yayansa. Ya yi dariya, idonsa na kan waya, ya ba ni a'a irin ta 'yan China.

"Meyo, Baba, babu lokaci. Amma ka gaishe shi."

Hawa ɗaya ne tsakanin ƙofofinsu. Na ja gwiwata na kai gaisuwar.