'Yan Kiɗa Huɗu a Bayan Shagon Kofi

Shekarata ta uku a garin Greensboro na Amurka, a cikin 2004, na samu aiki a wani sito da ke gefen titin Wendover. Gadaje da kujeru ake kawowa a cikin kwalaye, mu sauke daga manyan motoci mu jera, washegari mu loda su a wasu motocin. Aiki ne da ba ya son surutu. A layinmu ni kaɗai ne ɗan Nijar.

Wanda aka haɗa ni da shi wani saurayi ne baƙar fata, haifaffen garin, bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Dogo ne siriri, ba ya gaggawa a komai, amma kuma ba a taɓa jiransa ba. Mista yake kirana, na hana shi har na gaji. Da Turanci muke magana, nawa kuwa a lokacin ɗingishi yake yi, don haka yawancin hirarmu da hannu ne da dariya.

Wata rana a hutun tsakar rana ina zaune a kan kwali ina jiran shayina ya huce, ashe yatsuna suna buga gefen kwalin ban sani ba. Ya ajiye burodinsa ya matso.

"Mista, sake yi in ji."

"In sake me?"

"Abin da hannunka ya yi yanzu."

Na ji kunya, amma na sake. Ya rufe ido yana gyaɗa kai, ya gwada a kan gwiwarsa, ya kasa, ya sake gwadawa. Ya tambaye ni ina na samo shi. Na ce masa kiɗan garinmu ne, na ɗauki shayina.

Gaskiyar ta fi haka tsawo. Mahaifina makaɗin kalangu ne a Damagaram, makaɗin mahauta. Ranar kasuwa tun da hantsi yake tsayawa a rumfar nama, kalangu a hammata, yana kiran mahauta ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu, su kuma suna ɗaga wuƙa suna amsawa. Da wannan kalangun ya ciyar da mu goma sha ɗaya. Da na shiga lekol, wato makarantar boko, yara suka sa mini ɗan maroƙi, daga nan na daina bin sa kasuwa, na daina taɓa fatar kalangu. A Greensboro kuwa, da yake ina koya wa yaran 'yan'uwa karatun allo ranar Asabar, kowa Malam yake ce mini. Ba wanda ya taɓa tambayata sana'ar gidanmu, ni ma ban ɗauko zancen ba.

Bayan kamar wata guda saurayin ya miƙo mini wata 'yar takarda. Ya ce su huɗu ne suke kiɗa, shi da abokansa, shi yake riƙe da jita mai kaurin murya da suke kira bes. Ranar Lahadi da ƙarfe biyar da rabi za su yi wasa a bayan wani shagon kofi a High Point Road.

"Ana sayar da giya a wurin?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Kofi da kek kawai. Kakata ma za ta zo, daga coci za a wuto da ita. Ka zo da matarka."

Matata wata takwas ke nan da isowarta daga gida. Ban da kantin kayan abinci da gidan suna ba ta zuwa ko'ina. In na dawo daga aiki nakan same ta a bakin taga tana kallon motoci, ta ce lafiya lau take, ni kuwa na san ba lafiya lau ba ce. Na nuna mata takardar.

"Wane irin kiɗa ne, Malam?"

"Jaz suke ce masa. Amma nasu wai gauraye ne, an haɗa da na zamani."

"Wa ke yi musu waƙa?"

"Babu mai waƙa."

"Kiɗa ba waƙa? To me za a saurara?"

Na ce ni ma ban sani ba. Ranar Lahadi muna idar da la'asar na ga ta ɗauko mayafinta mai ruwan zuma, wanda ba ta sa shi sai da dalili.

Bayan shagon wani ɗan fili ne mai ciyawa, da bishiya babba guda ɗaya da katangar katako. An jera kujerun roba, mutane ba su fi talatin ba, rabinsu da alama dangin makaɗan ne. Ƙarshen watan Mayu ne, rana tana da sauran tafiya, iska tana kaɗawa a hankali. Abokina ya hango mu ya zo da kansa ya kai mu kusa da kakarsa, wata dattijuwa mai farar hula da jaka a cinya. Ta kama hannun matata ta riƙe, ta faɗi wata magana mai tsawo. Matata ba ta gane ko kalma ɗaya ba, ta ce mata, "Sannu, Mama." Suka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Sauran ukun duk yara ne kamarsa. Mai ganguna mace ce, 'yar ƙarama mai tabarau, in ta zauna da ƙyar ake ganinta a bayan kayan. Mai fiyanon lantarki iyayensa daga Biyetnam suka zo, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba tun daga farko har ƙarshe. Na huɗun wani farin yaro ne mai jan gashi, da ƙahon tagulla mai lanƙwasa a rataye a wuyansa, saksafon. Rigarsa ta yi masa yawa. Ba wanda ya yi jawabi. Yarinyar ta buga sandunanta sau huɗu, suka shiga.

Kiɗan farko bai shige ni ba. Na ji kamar kowa hanyarsa yake bi: mai ƙaho ya yi gabas, mai fiyano ya yi yamma, ganguna suna ta zuba kamar ruwa a kan kwano. Na saci kallon matata, na ga ta tattara hankalinta a kan takalman mai ƙaho. Sai a na biyu na daina bin kowa, na kama abokina shi kaɗai. Yana tsaye a baya, ba ya motsi sai yatsu, yana maimaita 'yan sautuka biyar ko shida masu nauyi, irin waɗanda ƙirji yake ji kafin kunne. Da na riƙe shi sai sauran suka zauna a wurarensu. Ashe duk nisan da mai ƙaho zai yi, yana jin inda abokina yake, kuma a nan yake saukowa. In ya sauko sai su dubi juna su yi ɗan murmushi, mai fiyano ya karɓa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba kowa suke yi wa ba. Ni na tashi na san kiɗa da mai shi. Kalangun mahaifina bai taɓa magana a banza ba, kowane bugu sunan wani ne, ko na ubansa, ko abin da ya taɓa yi. Waɗannan yaran kuwa ba sa kiran kowa, ba sa jiran kowa ya miƙe. Junansu suke saurare, mu kuma an bar mu mu ji.

Ana tsakiyar kiɗa na huɗu wani abu ya yi ɗan ƙara a cikin shagon, wuta ta ɗauke. Da alama kayan da aka jona wa waya ɗaya sun yi mata yawa. Fiyano ya mutu, bes ya mutu. Matata ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Ashe har nan ma ana ɗauke wuta." Rabon da in ji dariya a muryarta na manta.

Mai shagon ya ruga ciki. Na ɗauka za su tsaya su jira, amma yarinyar ba ta tsaya ba. Ta ajiye sanduna ta ɗauki wasu 'yan tsintsiyoyin waya, ta riƙa shafa fatar ganga a hankali. Mai ƙaho ya rage murya har ana jin numfashinsa a cikin busar. Abokina ya jingine jitarsa, ya zauna a kan akwatin lasifikar da ta mutu, ya buɗe ƙafafu ya fara bugun gefenta da tafin hannu.

Bugu uku ya yi na gane. Kiɗan mahauta ne, wanda ya ji a kan kwali.

Bai yi shi daidai ba. Akwai wurin da mahaifina yake matse kalangu ya ja sautin sama kafin ya sake shi, akwati kuwa ba ya matsuwa, don haka yaron ya cike gurbin da bugu biyu na kansa. Amma tafiyar ita ce. Yarinyar ta karkata kai ta saurara zagaye biyu, ta shigo ta ƙarƙashinsa da babbar gangar ƙafa. Mai ƙaho ya jira, ya jira, sannan ya ɗora wata doguwar busa mai sanyi a kai, wadda ba ta yi kama da komai na garinmu ba, amma ta zauna. Mai fiyano da ba shi da abin yi ya fara tafi, mutane suka bi shi. Kakar tana buga jakarta.

Matata ta juyo ta dube ni. Ita 'yar unguwarmu ce, ta san rumfar, ta san mahaifina tun tana ƙarama.

"Malam, wannan ai na Baba ne."

Na gyaɗa kai. Ba kuka na yi ba, abin bai kai can ba. Na dai zauna hannuwana a kan gwiwa ina jin warin rumfar nama da hayaƙin tukuba, ina kuma ganin bishiyar nan da katangar katako da motoci suna wucewa ta bayanta. Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina a lokacin.

Wuta ta dawo ba sanarwa. Fiyano ya farka da ƙara, kowa ya yi dariya, abokina ya miƙe ya rataya jitarsa. Ba su bar kiɗan ba, sai suka ɗauke shi suka tafi da shi. Mai fiyano ya zuba masa wasu sautuka masu ƙyalli, yarinyar ta koma kan sanduna ta ninka saurin, cikin minti biyu ya zama wani abu dabam da ban san shi ba. Na yi zaton zan ji haushi, sai na ji daɗi. Da suka tsaya, tare suka tsaya, kamar an rufe ƙofa. Sannan aka fara tafi.

Sun yi kiɗa biyu bayan wannan, suka gama rana tana gab da faɗuwa. Abokina ya zo yana share gumi da gefen riga.

"Mista, ka yi haƙuri, ban nemi izini ba. Na ɗauki abinka."

"Ka ɓata wuri ɗaya," na ce masa.

"Na sani. Ina jin akwai rami a wurin, ban san abin da ke ciki ba."

"Gobe zan nuna maka."

Muka yi sauri don mu sami magariba a gida. A mota matata ta yi ta magana: rigar mai ƙaho, ƙarfin hannun yarinyar, yadda kakar take kiranta da wata kalma da ta ce in fassara mata. Ta ce yaran nan duk ramammu ne, ba a ba su abinci. Washegari da asuba ta tashi ta yi dambun shinkafa, da alayyafo a madadin zogale, ta cika kula ta ce in kai musu.

A hutun rana na nuna wa abokina wurin da baki, tunda kwali ba zai iya ba. Na gaya masa wane ne mahaifina da abin da yake yi a kasuwa. Shi ne mutum na farko a Amurka da na gaya wa. Ya saurara har na gama, ya ce yana son ya ji shi da kunnensa, in kawo masa kaset. Na ce babu. Duk shekarun da ya yi yana kiɗa, a cikinmu ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar muryar kalangunsa. Ya ce to in ƙara yi masa da baki, a hankali.

Mun ƙara ganin wasansu sau biyu a wannan bazarar, matata ce ma take tuna mini. Sun yi kyau, amma ba kamar ranar ba. Kafin shekara ta zagayo suka watse. Yarinyar ta samu gurbin karatu a wata jiha ta arewa, mai fiyano ya karɓi shagon iyayensa, mai ƙaho ban san inda ya yi ba. Abokina ya bar sito ya koma tuƙin babbar mota, ni ma daga baya na bari.

Sau ɗaya na sake ganinsa, bayan kamar shekara biyar, a wani gidan mai. Ya yi ƙiba, da 'yar yarinya tana barci a kujerar baya. Ya rungume ni. Ya ce kakarsa ta rasu, ya ce yanzu a coci kawai yake kiɗa, in yana gari. Na ce masa har yanzu ni da matata muna zancen Lahadin nan.

Ya daɗe yana kallon famfon mai kafin ya ce, "Mu ma ba mu san za mu iya haka ba."

Wata mota ta tsaya a bayansa tana jira. Ya rufe tanki, muka yi sallama, ya hau titi ya yi wajen garin McLeansville.