Baba Mai Wardi Zai Ajiye Almakashi

Kafin ma'aikatan asibiti su fara shigowa da safe, Baba Mai Wardi ya riga ya zagaye lambun da ke bayan ɗakin haihuwa, almakashi a aljihu. Yakan ɗaga ganye ya duba ko ƙwari sun sauka, ya zuba ruwa a gindin kowane itace, sannan ya kife bokiti ya zauna, ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana kula da lambun. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, gwiwa ta ce ta gaji.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. A zauren masu son furen wardi na waya muka san shi, inda ake wuni ana gardama kan wane iri ke yin 'ya'ya, wane taki ya fi. Baba ba ya rubutu, sai saƙon murya. Ran nan wani malamin jami'a ya jero dogon bayani kan hoton wani itace da ya yanƙwane, Baba ya ce, "Malam, duk na yarda. Amma bawan Allahn nan ƙishirwa yake ji, a ba shi ruwa tukuna." Malamin ya fi kowa dariya.

Shekara huɗu da suka wuce, wardin da Innata ta dasa kafin rasuwarta ya kama bushewa. Fari ne mai ratsin ja, ƙamshinsa har cikin ɗaki. Na yanki reshe na dasa, ya ƙi. Na sa hotonsa a zaure, aka ce irin nan ba ya 'ya'ya, in haƙura. Sai ga muryar Baba:

"'Yata, kar ki tuge shi. Ba ya 'ya'ya, gaskiya ne, amma garin nan rawaya na cikin furensa lafiyarsa lau. Uba za mu mai da shi."

Fure biyu suka rage a jikinsa. Baba ya koya mini in shafo garin da gashin kaza, in ɗora kan furen wardin maƙwabciyata, in rufe da takarda. Furen farko da na shafa wa garin ya faɗi. Na kira shi ina kuka, na ce, "Baba, na ɓata."

Ya ce, "Ai da saura ɗaya. Share hawayenki, hannu mai rawa ba ya wannan aikin."

Na biyun ya kama, ya yi 'ya'ya. Ƙwaya goma sha tara na shuka, uku suka tsiro, na Inna kuwa ya mutu kafin su girma. Ranar da ɗaya ya buɗe fure, yayana ya shigo gidan bai san komai ba, ya tsaya cak a tsakar gida ya ce, "Ƙamshin Inna nake ji."

Baba, kai ne ka yi mana wannan, kuma ban fi kowa ba a wurinka. Wata nas ta shaida mini duk matar da ta fito daga ɗakin haihuwa hannu babu jariri, kakan yanko fure ka bayar a miƙa mata. Mai hannun albarka, mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka maka da alheri.

Mu kuma da muka ɗebi ilimi a wurinsa, idan sabon shiga ya yi tambayar da aka amsa sau ɗari, mu amsa masa da sakin fuska. Haka Baba ya yi mana.