Cibiya a Cikin Tsakuwa

Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ba ta taka ƙasa ba tare da ta faɗi halinta ba. Jigawa, in ji ta, mai amana ce, ka ba ta gero ta mayar maka da riba. Fadamar bakin kogi kuwa akwai kyauta amma babu alkawari, bana shinkafa, baɗi ruwa ya cinye. In aka zo kan wadda muke zaune a kai, sai ta buga mata ƙafa ta ce, "Wannan marowaciya ce, ko hawaye ba ta karɓa."

Mu fako muke ce mata, maƙwabtanmu Dendawa su ce gangani. Tudu ne a arewa da Gaya. Samansa jar tsakuwa ce kamar an baza gujiya a rana, zurfinta bai wuce taƙi ba, wani wurin taƙi biyu. Daga nan sai marmara, dutsen nan ja mai huji-huji, a shimfiɗe ko'ina kamar daɓe. In aka yi ruwa ba ya shiga, gangarewa yake. Geza da sabara ne kawai suka iya zama da ita, su ma tsibi-tsibi, tsakaninsu fili ƙwal. Da damina ƴar ciyawa takan fito ta ɗan riƙe awaki. Abin da ya kai mu can ke nan, don maigidana ba shi da gona, kiwon bisashen ƴan kasuwar gari yake yi.

A can na yi haihuwar fari. Da a Yelu, garinmu, ya kamata in haihu, a ɗakin uwata, to ta rasu tun ban yi aure ba. Uwar mijina, wadda duk gidan ke ce wa Inna, ita ta karɓi haihuwar.

A wurinmu, mabiyiya da guntun cibiya bayan ɗaki ake binne su, inda za a riƙa zubar da ruwan wankan jego. Inna ta riƙe cewa zurfin ramin shi ne zurfin zaman yaro a gida. Wanda aka binne tasa da zurfi, ko Makka ya je sai ya dawo. Ina kwance da hantsi, ina jin dagi ta bayan zana. Da fari ƙaras, ƙaras, tsakuwa na tashi. Can sai na ji ƙwal. Ta koma gefe, ƙaras, ƙaras, ƙwal. Ta sake wuri, haka. Da ta gaji ta ƙwala wa ɗanta kira, alhali wannan ba aikin maza ba ne.

"Zo ka fasa min wannan kafirar ƙasa."

Ya buga har ina jin nishinsa, sannan ya ce, "Inna, a hankali fa, dagin na aro ne."

"Na aro ne? To ɗan naka shi ma na aro ne? Buga!"

Ya buga, bakin dagin ya lanƙwashe. Ramin da aka samu hannu ke shiga har wuyan hannu ya ɗan wuce. Inna ta sa abin, ta kife da tsingaro, ta mayar da tsakuwa, ta ɗora wani dutsen marmara mai tsaga a tsakiya don kada kare ya tona. Har muka yi arba'in nan take zubar da ruwan wanka. Ruwan ba ya nutsewa, sai ya kewaye dutsen ya bi gangare ya nufi turba. Wata safiya na ji tana magana ita kaɗai, "Dubi, ko ruwan wankansa tafiya yake."

Ƴaƴan yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, sai in faɗa musu. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ba ni ke ɗagawa ba. In zan aike shi sai in ce "kai", in zan yi maganarsa in ce "yaron nan". Shi kuma da ya yi baki Inna yake ce wa Inna, ni ya ce min Yaya. Ita ke goyonsa, ita ke masa wasa, tana ce masa mijinta, wai miji maras amfani da ko gishiri ba ya saye. Ni nawa son daga nesa ne, ta wutsiyar ido.

Rashin ruwa ya saukar da mu. An gwada rijiya marmara ta hana, ga ƙannensa sun fara zuwa, tulu a kaina ba ya isa. Muka dawo bakin gari, kusa da hanyar Dosso, muka bar kufai a tudu. Amma in na fita itace can nake nufa. In babu kowa sai in ratsa ta bayan inda ɗakina yake a da, in duba dutsen nan mai tsaga. In awaki sun ture shi, in gyara da ƙafa, kamar tuntuɓe na yi.

Yaron nan ya kai kamar shekara goma aka zo gyaran hanya. Lokacin an daina aikin dole, ana biyan lada. An ce Nasara na son motocin gyaɗa su riƙa gangarowa su haye kogi zuwa Dahome ko da damina. Masu aikin suka hau tudunmu, babbansu ya dumbuzi tsakuwa ya murza a tafi, ya ce duk yankin babu irinta, in aka zuba ta aka danne sai ta koma dutse. Maigidana ya samu shiga. Ya dawo gida jajawur har gira, yana dariya.

"Inna, marowaciyarki ta yi kasuwa. Kamyo-kamyo ake kwasarta, manyan motocin nan."

Na ci gaba da tankaɗe. Da ya fita na matsa kusa da Inna, wadda idonta ya riga ya dushe, na ce ƙasa-ƙasa, "An ce sun kusa kufanmu."

Ta gane. Da ya dawo ta ce masa ya gaya wa mutanensa su tsallake bayan tsohon ɗakin.

Ya ce, "Inna, in je in ce wa babban aiki ya tsayar da kamyo saboda cibiya? Kuma wurin duk duwatsu ne, wane ne a ciki?"

Ni na san wane ne. Ni kaɗai na sani. Amma in ratsa tsakiyar maza masu diga da felu, in nuna da yatsana in ce ga cibiyar ɗana na fari, wannan ƙafata ba ta iya ba, bakina bai iya ba. Na ce in bari sai Lahadi da ba su aiki, in je in tone tsingaron da ƙasar da ke ƙarƙashinsa in ƙulle a zane.

Ran Lahadi na ɗauki igiyar itace na hau. Babu kufai, babu dutse, duk an kwashe an zuba a hanya. Rami na tarar wanda zai haɗiye gidanmu duka. Na sauka ciki na tsaya ina kallon bangonsa. Ranar na fara ganin cikin ƙasar nan: tsakuwa a sama ƴar siririya, sai marmara kamar kamu biyu, ja da baƙi-baƙi, saiwar geza ta zo kanta ta kwanta ta bi gefe don ta rasa hanya. A ƙarƙashin marmarar kuwa ƙasa ce fara-fara mai laushi da sanyi. Na tura yatsa ya shige. Ashe tana nan tun ranar da Inna ke bugu.

Yaron nan shi ke kai wa ubansa fura wurin aiki. Ya fara da hawa bayan kamyo daga rami zuwa hanya, ya koma wanke musu ƙafafun mota. Kafin gemu ya tsiro masa wani mai motar gyaɗa ya ɗauke shi aparanti, yaron mota ke nan. Malamin unguwarmu ya ce zancen cibiya canfi ne, rabon mutum ke jansa, kuma na yarda da malam. Yarda dai ba ta hana ni kallon jar hanyar nan ba.

Ranar da zai tafi ya tsuguna gaban Inna.

"Mijina, sakina za ka yi?"

"Tsohuwa, Paraku ce fa, nan cikin Dahome, nan da nan. In sayo miki sababbin haƙora."

"Ja'iri. Goro dai, mai taushi."

Ya juyo wajena, kansa a ƙasa. "Yaya, zan tafi."

Abin da zan faɗa kalma uku ce, kada ka tafi. Na dubi turmi na ce, "To. Allah ya tsare."

Shekarun farko yakan ratso, ya ajiye goro da sabulu, ya ci tuwo a tsaye mota na jiransa. Sannan aka ce ya koma wata mota mai zuwa Kwatano. Sannan saƙo ya riƙa zuwa babu shi. Shekarar da aka fara zancen Nasara za su tafi, saƙon ma ya ɗauke. Ubansa ya je har Paraku ya dawo hannu sake. Ni ko tambayar masu mota ban iya yi da kyau ba, don in na ce "wani yaron gidanmu", sai su ce wane suna, in yi shiru sai ƙanwarsa ta faɗa. Inna ta rasu tana cewa a ajiye masa tuwo. Bayan an yi mata addu'ar bakwai maigidana ya zauna bakin ƙofa, bai dube ni ba, ya ce, "Ashe na aro ne." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bi ta.

Na kafa kaskon ƙosai a bakin hanyar, na yi shekaru a nan. Kowace safiya kafin in hura wuta sai in ɗebi ruwa a ƙwarya in yayyafa a kan jar tsakuwar da ke gabana. Maƙwabciyata mai koko takan ce, "Ke dai da tsabta, wannan ƙurar ai ba ta jin magana." In ce mata haka ne. Ruwan ba ya shiga. Yakan ɗan tsaya yana ƙyalli, sannan ya tattaru ya bi gefen hanya, ya gangara wajen kogi.