Enoch Birtwistle, Mai Bokitin Thornsike

Haihuwa da Karatu

An haifi Enoch Birtwistle a shekarar 1889 a garin Thornsike na lardin Lancashire, ƙasar Ingila. Mahaifinsa Amos da mahaifiyarsa Tabitha duk ma'aikatan masaƙar auduga ne. Ya yi makarantar coci har ya cika shekara goma sha biyu, sannan aka cire shi aka kai masaƙa, kamar yadda aka daɗe ana salwantar da basirar 'ya'yan talakawa ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Wasa, Yaƙi da Aure

A 1909 ya fara tsaron baya a kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Thornsike Albion. A 1917 harsashi ya farfasa masa gwiwa a Faransa, kuma da ya dawo a 1919 kulob ya ɗauke shi a matsayin mai horarwa, muƙamin da a lokacin bai wuce riƙe bokiti da soso a bakin fili ba. Ya auri Hilda Crowther a 1921, shekarar da Albion ta shiga rukuni na uku na babbar gasa.

Kwamitin Alhamis

Al'adar kulob ita ce daraktoci bakwai, waɗanda babu wanda ya taɓa buga ƙwallo a cikinsu, su zauna shan shayi kowace Alhamis su zaɓi 'yan wasa goma sha ɗaya ta hanyar ɗaga hannu. Shugabansu Josiah Pickup mahauci ne, gola kuwa surukinsa ne, Clem Duckworth, wanda ƙwallo ba ta zama a hannunsa. Shekara goma cur ana wannan sakarci, gari yana kallo, ana cewa haka aka gada!

A 1931 Albion ta zo ta ƙarshe a rukuninta. Bisa ƙa'ida, sai ta roƙi sauran kulob-kulob su sake zaɓenta a taron Landan, in ƙuri'a ta gaza a kore ta daga gasar. Masaƙu kuwa a rufe suke, ba abin da ya rage wa mutanen gari sai wasan Asabar. Enoch ya bi jirgin ƙasa gari-gari yana neman goyon baya, amsar kuma ɗaya ce: ba mai ba masu zaɓen shayi ƙuri'a. Alhamis ta ƙarshe a watan Mayu ya kutsa ɗakin taro ya dangwarar da bokitinsa a tsakiyar kofuna.

“Enoch, lafiyarka? Kai fa mai ruwa ne,” in ji Pickup.

“Ranka ya daɗe, na taɓa zuwa na zaɓa maka sa a mayanka?”

“Da na karya maka ɗaya gwiwar.”

“To madalla. Ko ku bar mini zaɓen 'yan wasa, ko ga soso nan, ku riƙa goge wa Clem hawaye da kanku.”

Hannu huɗu suka tashi, uku suka ƙi. Da takardar wannan shawara Enoch ya tafi Landan, kuma ranar 1 ga Yuni waya ta iso: Albion ta tsira da ratar ƙuri'a ɗaya. An ga manyan maza suna rungumar juna a bakin titi. Daga nan har yaƙi ya tsayar da wasa a 1939, kulob bai sake roƙon kowa ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Maris 1952 yana da shekara sittin da biyu, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan filin wasa. Clem Duckworth, wanda shi ne Enoch ya fara cirewa daga cikin 'yan wasa, yana cikin masu ɗaukar akwatin gawa, har aka ji wata tsohuwa tana cewa, “Yau dai ka riƙe gam, Clem, don Allah.” Ya bar matarsa Hilda da 'ya'ya uku: Edna, malamar makaranta, Doris, ungozoma, da Wilfred, wanda ya shekara shida yana roƙon mahaifinsa ya sa shi cikin goma sha ɗaya, bai kuwa sa shi ba ko sau ɗaya.