Zanen da Ba a Ɗaurawa

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu yadi ya san Gwaggo Almakashi, ko bai gan ta ba ya ji muryarta. Ba don almakashin da ke rataye a wuyanta kaɗai aka sa mata sunan ba, bakinta ma yanka yake. Shagonta ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya yi ciniki daga waje. Zannuwa jibge har rufi, ga sandar awo da ta sha hannu har tana sheƙi, ga wani tsohon madubi da ke rage wa mace shekaru, shi ya sa ba ta taɓa canja shi ba.

A shagon ta tashi, a gaban mahaifiyarta da kowa ke kira Inna. Ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo ta ci gaba da yankan yadi. Da ƙaninta ya bar duniya ta ɗauko 'yarsa ta riƙe, wata siririya marar magana da ta laƙaba wa Tsinke. Yanzu ido ya fara yi wa Gwaggo gardama, baƙi da shuɗi mai duhu duk ɗaya ne a wurinta, ko da yake wanda ya faɗa zai ji ba daɗi. Damuwarta ɗaya ce a duniya: wa zai zauna a shagon Inna bayanta?

Ana nan Tsinke ta gama sakandare. Ta zo ta durƙusa, tana wasa da yatsu.

"Gwaggo, makarantar zane nake so in shiga."

"Ta zane? Har makaranta aka buɗe masa? Ikon Allah! Mu da ranƙwashi muka koya. Tashi, 'yar albarka, kin shiga kin gama."

Tsinke ta gane sarai cewa ita zanen fensir take nufi, Gwaggo kuma na ɗaurawa ta ji. Amma faɗuwa ta zo daidai da zama, sai ta ja bakinta ta tsuke. Kafin azahar babu wanda bai ji ba a layin: 'yar Gwaggo za ta yi karatu mai zurfi a kan zane, ta dawo ta riƙe shago. Telan da ke maƙwabtaka da ita, wani ɗan iya shege da ya daɗe yana ganin yarinyar tana zana mutane a bayan kwali, ya haɗiye dariyarsa da ƙyar ya ce, "Allah ya sa albarka, Gwaggo."

Kuma fa alamu sun yi ta zuwa, Gwaggo ce ke mayar da su. Tsinke ta ce an ce su kawo gawayi. "Na dutsen guga ne," in ji Gwaggo, "ai sai an goge zane yake fitowa." Ta dawo da yatsu kaca-kaca da launi. "Rini suka shiga." Ta sayi buroshi ƙanana. Nan Gwaggo ta jujjuya su, sannan ta ce na kaɗe ƙura ne, boko komai sai ya yi masa iyayi. Shi kuwa Tela kullum sai ya leƙo ya tambayi lafiyar karatu.

Ƙarshen shekara makaranta ta gayyaci iyaye baje kolin zane. Gwaggo ta ci ado, ta ɗauki sandar awo, wai ko za ta yi sari. Tela ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya ce ko kwastoma za su tsine masa sai ya raka ta.

Suka shiga wani makeken ɗaki fari fes. Gwaggo ta duba dama, ta duba hagu, ko ƙyalle babu. Ta tare wani malami mai gemu.

"Ɗan nan, ina zannuwan?"

"Ga zane-zanen nan a bango, Mama."

Ta matsa ta ƙura ido. Kujera mai karyayyar ƙafa. Na gaba, albasa a cikin kwano.

"Albasa? Shekara guda cur, albasa?"

Tela ya dafe ginshiƙi, hawaye na zuba, dariya ta hana shi numfashi. Gwaggo ta juya ta hango Tsinke tana neman ɓuya a bayan wata ƙawarta.

"Zo nan, munafuka! Zane kike so ko? Wallahi yau sai na zane ki! An gama boko. Gobe shago."

Ta damƙi hannunta ta nufi ƙofa. Dab da fita ta tsaya cak. Wani babban zane ne na gawayi, baƙi a kan fari, irin wanda idonta ke gani ba gardama. Tsohuwa ce a ƙofar ɗan shago, almakashi a wuya, ta ɗaga yadi sama tana kanne ido, ta cije leɓen ƙasa.

"Ina kika samo hoton Inna?"

Inna dai ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, kuma ta rasu tun ba a haifi Tsinke ba. Abin da Gwaggo ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne fuskar ta daɗe da ɓace mata. Takan rufe ido ta nema, sai muryar kaɗai ta zo.

"Gwaggo, ke ce," in ji Tsinke.

"Ni? Wannan tsohuwar? Kin ci gidanku."

Ta sake dubawa. Cizon leɓen na Inna ne, tsayuwar ma tata ce. Sai ga Gwaggo Almakashi tana kuka a bainar jama'a, kuka na sosai, har da jan hanci. Dariyar Tela ta ƙafe. Ta kai hannu za ta cire hoton, malamin ya matso ya ce hoton zai zauna har a tashi daga baje kolin. Ta nuna shi da sandar awo.

"Hannun 'yata, fuskar uwata, kai kuma a su wa? Sauke min."

Aka sauke.

Yau hoton na nan a shago, sama da madubi. Tsinke ta koma makaranta. Gwaggo ta san wata rana za a rufe shagon nan babu mai buɗewa, kuma abin na ci mata rai, ba ta ɓoyewa. In an tambaye ta ko karatun zane na da amfani, takan ce ita ba ta sani ba, har yanzu ba ta yafe albasar nan ba. Tela ya taɓa ce mata, "To shagon fa, Gwaggo?" Ta ce, "Ba ga Inna ta dawo ba? Mu biyu mun isa."

Ranar da Tsinke za ta koma, Gwaggo ta tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Ki dage, don da saura. Kunnen bai yi ba. Kunnen Inna bai kai haka girma ba."

Tsinke ta kalli hoton, ta kalli kunnen Gwaggo, ta ce, "To, Gwaggo, zan gyara."