Sa'adatu ta tafi, saura Rogo da Jajaye

Ni ce Hauwa'u, matar ɗan Iya Delu ungozoma ta nan Ƙaraye. Ita ke faɗa ina rubutawa a shafina, yadda ta faɗa haka na sa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, ko kunu ban kai bakina ba. Sa'adatu ta rasu. Kwana uku ta yi a asibiti a Kano, ba wanda ya gaya min, wai kada hankalina ya tashi. To ga shi ya tashi ɗin.

A hannuna aka haife ta a Jajaye, lokacin ina aure can. Uwarta ta kwanta ciwo, nono ya ƙi zuwa, ni kuwa ina goyon Sale, mijin wannan mai rubutun. Na haɗa su na shayar, wata huɗu.

Ta yi boko ta yi nisa, amma ba ta taɓa wuce ƙofata ba. Ita ta fara lura idona ya yi yana, ta kai ni aka kankare. In ta zo sai ta ja kujera 'yar tsugunno ta yanke min farcen ƙafa, tana min tsiya wai wannan sai an aro lauje.

Wata rana na ce, ke 'yar Jajaye, wai mene ne aikin nan naki? Kowa injiniya injiniya, ni ban taɓa ganinki da sifana ba.

Ta yi dariya har da tafi. Ta ce, Iya, ma'aikatarmu ba ta ajiye bayanai a durowa yanzu. Akwai wasu manyan kwamfutoci can nesa, gajimare ake ce musu, can ake zubawa. Rumbuna ne da yawa, kuma tsakanin rumbu da rumbu akwai hanyoyi kamar bututun masu noman rani, wannan ya ba wancan, wancan ya miƙa gaba. Matsalar, kowa sai ya ja bututunsa bai gaya wa kowa ba. In ya bar aiki ya tafi da sanin a kansa.

Ta ce an taɓa toshe wata hanya, ana zaton ba mai amfani da ita. Ashe ta nan saƙon wasu ƙananan asibitocin ƙauye ke bi in maganinsu ya kusa ƙarewa. Sai da magani ya yanke aka gane.

Shi ne ta ƙera wani abu a kwamfuta. Ni ɗan aike nake ce masa. Kullum da safe shi da kansa zai zaga rumbunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya duba wa ke ba ka, wa kake ba wa, wa ya haɗa ku. Ya jera duka ya aika wa shugabanninsu. Ko jiya wani ya ja sabon bututu a ɓoye, yau zai fito a jerin.

Na ce yo wannan ai aikina ne kika sata.

Don ni ma abin da na riƙe ke nan. Shekara da shekaru ina karɓar haihuwa daga Ƙaraye har Rogo. Na san wadda nononta bai zo ba, na san maƙwabciyar da aka miƙa wa jaririn. Ba a rubutawa. Iyayen su mutu, yaran su girma ba su san nono ɗaya suka sha ba. Shi ya sa in za a yi aure ake zuwa a gaishe ni, a ce Iya, akwai wani abu tsakanin wane da wance?

Bara wasu suka ƙi zuwa. Yaro daga Yola ta nan kusa da mu, yarinya daga Rogo, har an raba goro. A bakin mai tallan daddawa na ji. Na sa aka ɗora ni a babur da gwiwar nan tawa, na je na ce marigayiya Mairo ta shayar da su duka biyun, a gabana. Malam ya ce ba aure. Yarinyar ta yi kuka, uwarta har yau ba ta amsa sallamata.

Da Sa'adatu ta ji ba ta yaba min ba. Cewa ta yi, Iya, da kin mutu kafin goron nan fa?

Da ƙaramar Sallah sai ga ta da wayarta, ta ajiye a gabana, ta ce in yi ta faɗar wa ya sha nonon wa tana ɗauka, gida gida. Kwana biyu muka yi, muka gama Ƙaraye. Ta ce saura Rogo da Jajaye. Na ce na gaji, kaina na ciwo.

Hauwa'u, rubuta wannan, kada ki gyara min. Ƙarya na yi. Kaina lafiya lau.

Tsoro na ji. Na ce in na juye duka a waya, wa zai ƙara zuwa gaishe ni? Tsohuwa ce ni, ba gona ba sana'a yanzu. Abin da ya sa ake cire takalmi a ƙofata ke nan.

Ta gane kuwa. Ba ta kunyata ni ba. Ta ce, Iya, a ofishinmu ma akwai wani dattijo da ya yi wata guda ba ya min magana, don a da shi kaɗai ya san inda hanyoyin suke. Yanzu shi ke fara buɗe jerin da safe, yana nuna min inda ɗan aiken nawa ya yi kuskure. Na ce shi ya ga zai iya, ni dai kaina ke ciwo. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɓallo min maganin ciwon kai guda biyu, ta tsaya a kaina sai da na haɗiye. Ja'ira.

Ganinmu na ƙarshe, tana shirin shiga motar Kano, ta leƙo ta ce, Iya, kada ki kuskura ki mutu kafin in dawo.

Na ce ke ke riƙe da ajalin nawa?

Ta ce a'a, amma ni ke riƙe da rabin kanki a wayata.

Ban taɓa kawo wa raina ita za ta riga ni ba. Duk lissafina a kan tafiyata yake.

Ɗazu Sale ya bugo daga wajen jana'iza, ni gwiwa ta hana ni zuwa. Ya ce wani abokin aikinta ya kama hannunsa ya ce, yau ma da safe jerin ya shigo kamar kullum, ba abin da ya ɓace. Mai shi tana kwance cikin likkafani, ɗan aikenta ya zaga ya dawo. Ta kuma koya wa mutum biyu yadda ake kula da shi tun tana da lafiya. Muryata da ta ɗauka ma ashe tun ranar ta tura wa Hauwa'u.

Ita ta yi nata yadda ba zai bi ta kabari ba. Ni ce na ƙanƙame nawa.

Allah ya jiƙan Sa'adatu, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Yadda ta rufa min asiri, Allah ya rufa mata. Ya raya 'ya'yanta biyu, ya ba mijinta da mahaifinta haƙuri. Ku da kuke karantawa, wanda ya san ta da wanda bai sani ba, don Allah ku yi mata ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. Ni ma ku roƙa min gafarar ciwon kan nan.

Hauwa'u, kunna abin ɗaukar muryar. Da Jajaye za mu fara, kuma da ita. Sa'adatu 'yar Malam Idi, ni Delu na shayar da ita, wata huɗu. Duk ɗan da na haifa ɗan'uwanta ne. 'Ya'yanta jikokina ne, kada wanda ya ce musu ba su da kaka a Ƙaraye.

Daga nan Iya ta yi min gida goma sha ɗaya na Jajaye ba ta tsaya ba, su ban sa su a nan ba. A na sha biyu ta ce ta gaji, wannan karon da gaske. Ta jingina da bango, ni kuma ban kashe wayar ba.