Bokitin NyaLuhanga

Shekara ashirin da shida NyaLuhanga tana kitso a gindin mangwaron bayan kasuwar garin Rumphi, kuma babu mai bugun ƙirji ya ce ya taɓa ganin silin gashi a ƙasan wurinta. Duk abin da mataji ya kwaso sai ta dunƙule ta damƙa wa mai shi a hannu. Kowa a garin ya yarda cewa wanda ya tsinci gashinka ya riƙe ka, amma tsoronta ya wuce na kowa. 'Yarta tilo, Lusungu, tana shekara shida ta sha dukan da ba ta manta ba, don kawai iska ta kwashe gashinta ta yi layin masu kifi da shi.

Da yarinyar ta kai sha bakwai sai ta fara zubewa. Loma biyu ta tuwon masara, ta ce ta ƙoshi, ta uku kuwa sai amai. Ga wani dunƙule mai tauri a ƙasan haƙarƙari, ga warin baki da ke sa uwar da ta haife ta kau da kai. Matan kasuwa, da ba su raina abin magana, suka ce ciki ne. An yi addu'a a coci, an sha saiwoyi, abu sai gaba yake. Da ƙyar aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoto, Likita Mhango ya ce sai an tsaga.

Bayan awa uku ya kira uwar, ya buɗe mata wani bokiti. Warin ne ya fara isowa. Abu ne baƙi ƙirin, curarre, da siffar tumbi sak, har da jela mai tsawon hannu wadda ta bi hanji. Yauƙi na zuba daga jikinsa, ɓawon wake da ƙayar kifi sun maƙale a ciki. Matar da ta ci abinci da sana'ar gashi duk rayuwarta ta juya ta kelaya amai a zaninta. Abin ƙyama ne, babu wani suna da za a sa masa.

"Wane la'ananne ya jefe min 'ya?" in ji ta, tana goge baki.

"Mama, ba jifa ba ne," in ji likita. "Ita ta haɗiye shi, sili-sili, shekara da shekaru. Cuta ce, kuma tana dawowa. In ba a cire mata tsoron gashin nan ba, wuƙa za ta sake sha, ni kuwa ba na alkawarin ta biyu."

"Ɗan nan, ka yi karatu amma ba ka san mutane ba. Ina za ku kai shi?"

"Ɗalibai su gani, sannan a ƙone."

"Ɗalibai! Gashin 'yata na shekara goma a hannun 'ya'yan da ban san iyayensu ba? Miƙo min abina."

Haka ta rufe bokitin ta tura ƙarƙashin gadon Lusungu. Kafin azahar ta washegari ɗakin mata ya ɗauki wari. Wata tsohuwa mai karaya a gadon kusa ta toshe hanci da gefen zani.

"Baiwar Allah, in mushe kika kawo mana dubiya, mun gode, fitar da shi."

"Kaka, ki ji da ƙafarki."

"Ƙafata ba ta wari! Wannan ko ungulu sai ta yi sallama."

Lusungu na kwance tana ji, da robar ruwa a hannu. Uwar ta sunkuyo, tana numfashi ta baki, ta tambaye ta abin da ya kai ta.

"Mama, rigar makaranta ba ta da aljihu," in ji yarinyar a hankali. "In ya zubo a aji ina zan kai shi? Cikina ne kaɗai inda babu mai sa hannu. Daga baya ko bai zubo ba sai in tsiga, ban san ma ina yi ba."

NyaLuhanga na nan tsaye sai ta ga yatsun Lusungu suna lalube a kan matashi. Sun sami sili ɗaya, sun murza shi, sun nufi baki, idon yarinyar kuwa na kan rufin ɗaki.

Uwar ta cafke hannun, ta ɓamɓare yatsun ta karɓe. Ga ɗaki cike da baƙin fuska, masu jinya da 'yan dubiya, kowa na kallo. Sai ta saki silin, ya sauka a tsakiyar siminti inda kowa ke takawa.

"Mama, za a tsinta!"

"A tsinta," in ji ta. Ta jawo bokitin ta miƙa wa wata nas ba tare da ta dube shi ba. "Kai wa yaran nan su gani."